Ƙarfen Da Ke Cikin Kwallar Inna

Shekarun baya, lokacin da nake ganin kaina gwanin kwamfuta don kawai na iya buga katin gayyatar biki, wani abu ya faru da ni a tsakar gidanmu, can wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Jiya wani a cikinku ya tambaye ni wace kwamfuta na fara haɗawa da hannuna, na ce masa amsar ta fi ƙarfin layi biyu. To ga ta nan.

Ina da yaya namiji, Allah ya jiƙansa. Malamin gona ne, kullum yana kan babur yana zaga gonakin rani, daga wajen Kadawa har ƙauyukan da ke bayan Bunkure. Yana da 'yar kyamara da kwamfutar tafi-da-gidanka, duk abin da ya ɗauka a gona a cikinta yake zubawa. Wata rana jakar kwamfutar ta suɓuce daga bayan babur ta faɗa cikin kanal, babbar hanyar ruwan noman rani. Kafin a tsamo ta, ruwa ya gama da ita. Ya kai wa masu gyara, suka ce ta mutu, sai dai suka ciro masa wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu, suka ce duk ajiyarsa tana ciki, idan an dace. Ya naɗe shi a hankici ya ba mahaifiyata, ya ce ta adana masa har ya sayi wata. Bai sayi watan ba. Da damina ta faɗi ya kwanta zazzaɓi, kwana shida Allah ya karɓi abinsa.

Ba mu da hotonsa a gidan, in ban da ɗan ƙarami na jikin katin aikinsa, wanda ya murtuke fuska a ciki kamar an yi masa dole. Shi kuwa mutum ne mai dariya, tun daga zaure ake jin shigowarsa.

Shekara uku ƙarfen nan yana cikin kwallar Inna, ƙarƙashin zannuwanta. Bayan na yi 'yan watanni ina koyon kwamfuta a Kura, sai na fahimci mene ne shi. Na same ta na ce, "Inna, abin nan da Yaya ya ba ki ajiya, had dis sunansa. Ki ba ni in kai Kano a duba."

Ta ce, "Hadisi kuma? Wane hadisi ne a cikin ƙarfe?"

Na yi dariya na yi mata bayani iya yina, na ce wataƙila akwai hotunansa a ciki. Ta ci gaba da ɗinkin hularta, don sana'arta ke nan tun muna yara. Can ta ce, "Ni ya ba ajiya, Auta. Ba zai fita gidan nan ba. In Kanon na son ganinsa, ta zo."

Wanda ya san Inna ya san an gama magana.

A ranin shekarar mahaifina ya yanka mini wani yanki na gonarsa, ya ce in yi tumatir, abin da ya fito nawa ne. Allah ya sa ya yi kyau, kuma na dace da kasuwa. Baba yana ta lissafin zan sayi babur ko in fara tara kayan ɗaki, ni kuwa na hau mota daga Garun Mallam na nufi birni wajen wani abokina mai gyaran kwamfuta. Shi ya ba ni shawara in sayi kayan ɗaiɗai a haɗa, ya fi arha, kuma akwai wurin da za a jona ƙarfen Yaya a ciki. Muka zaga kasuwa muka tsinto su ɗaya bayan ɗaya: akwatin, da babban koren allon da komai ke hawa kansa, da akwatin wuta mai wayoyi kamar jelar doki, da gilashin kallo, da 'yan lasifika guda biyu. Ya ɗora mini ƙwaƙwalwar kwamfutar da fankarta a kan allon tun a shago, ya zuba manhaja a sabuwar ma'ajiya, ya ce ranar Asabar zai zo ƙauye mu haɗa sauran tare.

Ranar Asabar da hantsi ya kira ni, muryarsa na rawa don murna, wai matarsa ta sauka, yana asibiti. Na yi masa barka. Ya ce, "Ka yi haƙuri sai wani makon. Ko kuma ka gwada, ai wayoyi ne kawai suka rage. Kowace waya da bakinta, wadda ba tata ba ba za ta shiga ba."

Wayoyi ne kawai. Har yau idan na tuna wannan maganar sai in yi murmushi.

Ni kuwa na riga na cika baki a gida, na ce yau za a ga abin mamaki. Na aro janareto a wurin maƙwabcinmu, na ajiye shi a zaure, na ja doguwar waya har rumfar Inna. Na shimfiɗa tabarma na baje kaya. Bazara ce, zafi tun da safe. Baba yana gefe guda a gindin darbejiya yana ɗaure tiyon injin ban ruwansa da roba, ya juya mini rabin baya, don har lokacin bai huce da maganar babur ba. Inna tana kan kujerarta 'yar tsuguno da hula a hannu.

Na ɗaure allon a cikin akwatin da sukurori, wannan bai ba ni wuya ba. Na ɗaure akwatin wutar. Sai na tsaya ina kallon wayoyin da suka zubo daga cikinsa, baƙaƙe da ja da rawaya, wasu masu faɗin kai, wasu sirara, sun fi goma. Na kalli allon, ga ramuka nan birjik, ga wasu 'yan gine-gine da layuka sirara kamar an hango gari daga sama. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Na ce a raina, mutum ne fa ya zauna ya tsara wannan, ɗan Adam mai cin tuwo irina.

Na fara da babbar, mai haƙora jere biyu. Na ɗora ta a bakinta na danna, ta ƙi shiga. Na ƙara dannawa, sai na ga allon yana ɗan lanƙwasawa. Na janye hannu da sauri kamar na taɓa garwashi. Gumi na tsiyaya daga goshina, ina ta kauda kai kada ya ɗiga a ciki. Na kira abokina. Ya ce, "Tallafe allon ta ƙasa da yatsa, ka danna da zuciya ɗaya. Sai ka ji ta ce ƙas." Na yi bisimilla na danna. Ta ce ƙas. Na ɗago na kalli Inna ina jiran yabo, ita kuwa ko kallona ba ta yi ba.

Daga nan na ɗan samu ƙarfin gwiwa. Na jona wayar fanka, na jona siririyar jar wayar da ke zuwa sabuwar ma'ajiya, na ba ta tata wutar. Sai na iso kan 'yan mitsi-mitsin wayoyin da suka taho daga gaban akwatin, na makunni da na 'yan fitilu. Kowace kanta bai fi ƙwayar shinkafa ba, kuma dole a zura ta a kan wasu allurai da ke tsaye a kusurwar allon, a cunkushe, guda tara. Yatsuna na manomin tumatir ne. In na saka ɗaya, sai in tuge ta kusa da ita. In na kama ta da kyau, sai hannuna ya rufe mini gani. Na fi rabin awa a nan. Daga ƙarshe na cusa su yadda suka samu, na je na tayar da janareto, na dawo na gyara zama, na ce, "To, kowa ya kalla."

Na danna makunni. Shiru. Na sake dannawa. Ko ƙuda bai motsa ba.

Baba ya yi gyaran murya daga gindin bishiya, ya ci gaba da ɗaurin tiyonsa. Da ma ya yi magana da ya fi mini sauƙi. Na tuna kwandunan tumatir ɗin da na yi ta ɗauka a ka zuwa bakin titi, na ce shi ke nan, na ƙona su. Na kira abokina, bai ɗauka ba.

Sai na ji Inna ta ce, "Miƙo mini takardar nan da kake ta juyawa."

Ɗan littafin da ya zo da allon take nufi. Na ce, "Inna, da Turanci ne fa."

"Na ce ka karanta mini ne? Zanen nake so in gani."

Na kashe janareto na buɗe mata shafin. Ta kawo shi kusa da fuska, ta kalli zanen, ta leƙa cikin akwatin, ta sake kallon zanen. Ta ce, "Ga gurbi nan guda babu allura. A takarda yana hannun dama, kai kuma ka juya ta, ka fara ƙirga daga hagu. Ai ko zanen hula aka ba ka a juye, juyayyen aiki za ka yi."

Na duba. Gaskiyarta. Gaba ɗaya na jera su a baibai.

Ta ajiye ɗinkinta, ta goge hannu a zani, ta sauko kan tabarma. Na ce ta fara taɓa jikin akwatin kafin ta taɓa allon, haka abokina ya ce. Ta taɓa, tana cewa, "Har da gaisuwa ake yi masa." Ni ina karanta rubutun jikin kowace waya ina nuna mata gurbinta a zane, ita tana ɗauka da yatsu biyu tana zurawa. Hannunta ko rawa ba ya yi. Matar da ba ta taɓa zama a aji ba, ba ta taɓa riƙe abin da ya wuce rediyo ba, ta jera su tsaf cikin ɗan lokaci, kamar tana bin layin zare. Na zauna baki buɗe. Shekara ashirin da wani abu ina ganin yatsun nan suna aiki, ban taɓa tsayawa na kalle su ba sai ranar.

Na tayar da janareto. Wannan karon ban ce kowa ya kalla ba. Na danna.

Fanka ta juya. Wata 'yar koriyar fitila ta kama a gaban akwatin. Na yi tsalle na ce, "Allahu akbar!" har kajin Inna suka watse. Amma gilashin yana nan baƙi ƙirin. Muka jira. Fanka na ta juyawa, gilashi bai ce komai ba.

Ban san lokacin da Baba ya taso ba, sai ganin inuwarsa na yi a kaina. Ya tsaya hannu a baya yana leƙen cikin akwatin, irin tsayuwar da yake yi a bakin gona. Ya nuna da haɓa. "Waccan fa mai kai huɗu, da take lilo? Ita ba ta da gida?"

Na ce ina jin ta ajiya ce, don akwai wasu ma da suka rage.

Ya ce, "Sauran na ga irinsu ka jona. Wannan ita kaɗai ce irinta. Kuma ga wani rami can sama kusa da fankar, shi ma ido huɗu. Ni dai ban san aikinku ba, amma in na ga fangali guda a bushe a gona, na san akwai bakin ruwan da ba a buɗe ba."

Na kashe komai, na zura hannu na jona ta. Ashe ita ce ke kai wa ƙwaƙwalwar wuta. Na sake dannawa. Fanka ta juya, sai wani ɗan ƙara, ɗit, sau ɗaya. Gilashin ya yi haske, rubutu ya fito fari a kan baƙi, ya wuce, sai ga shuɗi ya cika fuskar.

Ba zan iya kwatanta muku abin da na ji ba. Tun safe ƙarafa ne da robobi a kan tabarma, kaji na tsallake su. Yanzu ga abu yana numfashi, yana jiran in ba shi umarni. Baba ya ce, "Ikon Allah," a hankali, ya nemi gefen tabarma ya zauna. Tun da na sayo kayan, ranar ce ya fara zama kusa da su.

Inna ba ta jira na tambaya ba. Ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar murfin kwalla, ta fito da hankicin a hannu biyu. Ta kwance shi da kanta. Ƙarfen na nan yadda yake, sai ƙamshin turaren zannuwanta da ya kama shi. Na kashe kwamfutar, na ɗauko jar waya ta biyu. Na tsaya da ita a hannu. In sabon kaya ya ƙone, wata shekarar a sake noma. Wannan kuwa babu irinsa a kowace kasuwa. Na duba bakin sau uku kafin in tura. Na jona masa wuta. Na kunna, na kara kunnena a jikinsa.

Yana juyawa. Wani siririn sauti, kamar sauro a nesa. Shekara uku yana kwance a duhu, ashe jira kawai yake a ba shi wuta.

Sai wani saƙo ya fito a gilashi da Turanci, da wurin amsa guda biyu. Ni kuma na saba, duk abin da kwamfuta ta tambaya sai in ce mata e. Har na kai 'yar kibiyar da ke kan gilashin wajen e, Baba ya ce, "Me ta ce?" Na ce ban gama ganewa ba. Ya ce, "To ka amsa abin da ba ka ji ba?" Na sake kiran abokina, Allah ya sa ya ɗauka. Na karanta masa. Ya daka mini tsawa har Inna na jiyowa: "Kada ka taɓa! Tambayarka take ko ta goge shi ta mai da shi sabo. Ka ce a'a, ƙarfen kashi biyu ne, ka buɗe ɗaya ɓangaren." Na ce a'a. Na daɗe ina kallon yatsana.

Ɗaya ɓangaren ya buɗe. Hotuna ne, ɗaruruwa. Na fara buɗewa. Ganyen tumatir. Na gaba, ganyen tumatir mai tsutsa. Na gaba, tsutsar ita kaɗai, an matso da ita kusa har ana ganin gashinta. Shinkafa mai tsatsa. Albasa ruɓaɓɓiya. Baba ya fashe da dariya har da hawaye, ya ce, "Shi ne wallahi. Wannan aikinsa ne." Muka yi ta wucewa, can sai ga shi tsaye a bakin kanal cikin manoma, ya ɗaga wani ƙaton kabeji, yana dariyar nan tasa. Inna ta matso.

A ƙasa na ga wani hoto mai motsi, na buɗe. Tsakar gidanmu ce, wannan rumfar da muke zaune a ciki. Ga Inna tana sheƙe shinkafa, ba ta san ana ɗaukarta ba. Sai hoton ya juya, fuskar Yaya ta cika gilashin, bakinsa na motsi. Babu sauti.

Na manta da wayar lasifika. Na rarumo ta na zagaya bayan akwatin, ga ramuka uku masu launi. Na cusa a ja, shiru. Na zare na cusa a kore.

"Inna! Inna, ɗago mana ki kalle ni!"

Na bar ƙarar a ƙarshe ban sani ba. Muryar ta cika gidan, har zaure. Kuma Inna, wadda ke zaune kusa da ni a kan tabarma, ta ɗago kai ta ce, "Na'am."

Ita kanta ba ta san ta amsa ba. A cikin gilashi, waccan Innar ta kauda fuska tana kore shi da faifai, tana cewa, "Tafi can ka ba ni wuri, sarkin surutu," shi kuma yana ta ƙyaƙyata dariya. Yaya ɗan fari ne. Kun san alkunyar iyayenmu: tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta zauna hira da shi a gaban mutane ba. Ko ranar rasuwarsa a ɗaki ta yi kukanta. Amma ranar, ta miƙa hannu ta taɓa gilashin da yatsu biyu, ta ambaci sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, a hankali. Baba ya sunkuyar da kai.

Hoton bai fi minti biyu ba. Da ya ƙare ta ce in mayar. Na mayar. Sau uku. A na huɗu na kai hannu, ta ce, "Bar shi haka, Auta. Kashe, ya huta." Ta share fuska da gefen mayafi, ta tashi ta ɗora tukunya, don azahar ta kusa kuma ba a ci komai ba a gidan.

Baba ya daɗe a zaune. Da zai tashi yin alwala ya ce da ni, "Ka gani ko? Wannan ƙirar mutum ce, amma ta riƙe maganar da aka yi cikin wasa, ba ta yar da ko harafi ba. To ina ga littafin da mala'iku ke rubutawa?" Bai jira amsa ba ya ɗauki butarsa.

Yanzu wannan ce sana'ata. Na haɗa kwamfutocin da ban san adadinsu ba, na koyi sunan kowace waya da aikinta, ina iya jona su ina hira. Na san babu wani sihiri a ciki, wuta ce ke bin hanyar da aka shata mata. Amma sanin bai rage mini mamakin ba, ƙara shi ya yi. Har yau, in na gama jona komai na kai yatsa kan makunni, sai na ɗan tsaya, numfashina ya ɗauke na ɗan lokaci, kamar mai sallama a ƙofar gidan da bai san wa zai amsa ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai kuwa shi ne, ni ne mai takardar shaida a gidan, amma duk inda na maƙale ranar, waɗanda na ɗauka 'yan kallo ne suka fitar da ni. Shi ya sa idan tsoho ya kawo mini gyara ya tsaya a kaina yana leƙe, ba na cewa ya je ya dawo. Kujera nake jawo masa, in juyo da akwatin ta inda zai gani da kyau.